Rijiya ta Bakwai

Ranar Asabar ina tsakiyar yanka wani leshi, ƙanwata Saudat ta shigo shagona, ta ajiye takardu biyu a kan keken ɗinki, ta samu benci ta zauna ba ko sallama. Saudat ba ta taɓa shiga wuri ba sallama ba, ko da akurkin kaji ne. Na ajiye almakashi.

"Yaya Haulatu, an sace mini aikina," in ji ta. "Kuma ni ake kira ɓarauniya."

Ni tela ce, tun a firamare muka yi hannun riga da boko, don haka sai da ta yi mini bayani sau biyu. Shekara huɗu ta yi tana neman digirin dakta a kan ruwan rijiyoyin Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan. Wannan kam na sani, domin duk unguwa an san ta da jakar kwalabe, gida-gida tana cewa a ara mata guga. Rijiya ashirin da huɗu ta bi rani da damina, ta gano dalma ta yi yawa a ruwan da muke sha, kuma daga babbar kwatar bayan layin makanikai take tsatsowa. Ta rubuta, ta aika wa wata mujallar kimiyya, domin ba a ba mutum digirin sai an buga aikinsa. Wata tara suna riƙe da shi, sannan suka maido mata suka ce bai yi ba. Ba a rufa sati uku ba sai ga aikin ya fito a wata mujallar dabam, da sunan wani Dakta Abdulsalam, malami a wata jami'a can nesa, wanda ko a hoto ba ta taɓa ganinsa ba.

Da ta yi ƙorafi, sai ya ce ai shi ya kamata ya yi kuka. Wai shi ya auna ruwan tun shekarun baya, ita ce ta samu lissafinsa ta bayan fage ta yi sauri ta aika. Har wani littafin gwaji ya nuna mai ɗauke da tsofaffin kwanakin wata. Takarda ta farko aikin da aka buga da sunansa ce, ta biyu kuma daga makarantar su Saudat take. Kwana goma aka ba ta ta bayyana gaban kwamiti. In ba ta kawo hujja ba za a kore ta, a rubuta a takardunta cewa satar aiki ta yi, ba kuma makarantar da za ta sake karɓarta.

"Na kira Baba Farfesa," in ji ta. "Ya ce in yi haƙuri, in dage da addu'a."

Farfesa Mu'inuddeen ke nan, ɗan Sabo ɗaya tak da ya kai wannan matsayi. A wani gari yake koyarwa, amma duk Juma'a yana sahun gaba a masallacinmu. Shi ya ba Saudat littafin kimiyyarta na farko tana 'yar sakandare. Jin ya san da maganar sai hankalina ya ɗan kwanta.

* * *

Abin da muke bukata bai taka kara ya karya ba. Masu gidajen nan su sa hannu cewa Saudat ce ta ja ruwan da hannunta, kuma babu wani baƙon namiji da ya taɓa shiga musu tsakar gida da kwalba. Wa zai ma bar shi ya shiga? Na ce mata kafin magariba mun gama.

Ashe ban san Sabo ba, duk da a cikinta aka yanke mini cibi. Wani gidan rediyo ya riga ya karanta labarin cewa rijiyoyin Hausawa guba ne, ana ta raɗe-raɗin hukuma za ta zo ta rufe su. Tun rikicin da aka yi da Hausawa a kasuwar Shasha, mutanenmu ba sa son jin sunansu a rediyo ko da alheri ne. Matan da suka riƙa zuba wa Saudat kunu da ƙosai su ne suka tsaya mana a bakin ƙofa. Wata ta ce maigida ba ya nan, alhali ina jiyo tarinsa. Wata ta dube ni ta ce, "Abi, ko dai sayar masa ta yi, suka ɓata wajen rabo?" Saura kaɗan in cire ɗankwali, Saudat ta ja ni.

Muka je wurin Alhaji Labaran, mai unguwar layinmu. Ya saurare mu yana jan carbi, ya ce ba mai sa hannu a komai sai an san ta inda asirin unguwa ya fita. In ba ta hannun yarinyar nan ba ne, a nuna masa ta hannun wa. Ranar Juma'a in Farfesa ya zo a zauna.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A hanyar komawa na ce mata mu je wurin Baba Babandi.

* * *

Baba Babandi ya yi ƙuruciyarsa a arewa yana bin sawun shanun sata. Rakiyar shanu ce ta kawo shi Ibadan, ƙafa ta gaza, ya zauna yana sayar da igiya da guga a gindin wata katanga. Har yanzu in akuya ta ɓata ko an ɗauke wa wani babur, shi ake nema. Bai san ko bihim a boko ba. Saudat ta ji kunya, ta ce mini a hankali wannan ba maganar akuya ba ce.

Ashe ya ji. "'Yata, abin naki yana da ƙafa?"

"A'a, Baba. Takarda ce."

"To ɗaukarta aka yi. Mai ɗauka kuwa yana da ƙafa. Hannun mutum nawa ta bi?"

Ta ƙirga masa. Nura, abokin karatunta da ke kula da injin gwaji. Rukayya, ƙawarta mai shagon buga takardu a unguwar Mokola. Sai mujallar. Ya jawo sandarsa ya miƙe, ya ce da ni in biyo shi, ita ta koma gida ta ci abinci.

* * *

Ni dai Nura na zarga tun farko. Ya taɓa neman Saudat ta ƙi shi, ya kuma fi shekara ba ya amsa gaisuwata da kyau. Mun same shi a rumfar mai shayi. Yana ganinmu ya sha jinin jikinsa.

"Baba, wallahi tallahi, I swear, ni ba ni ba ne. Kwalabe kawai take miƙo mini in sa a inji."

"Ka san Dakta Abdulsalam?"

Ya ce sun taɓa haɗuwa a wani taro, har sun yi musayar lamba. Na ce a raina shi ke nan, an kama. Amma Baba bai ko ɗaga kai ba. Ya tambaye shi me aka rubuta a jikin kwalaben. Nura ya ce sunayen gidaje, gidan wane, gidan wance. Baba ya yi masa godiya muka wuce.

Rukayya kuwa kuka ta fashe da shi tun kafin a tambaye ta. Ta ce kwamfutarta ta taɓa lalacewa ta kai gyara, aikin Saudat na ciki, kwana uku ta yi a hannun mai gyara. Kwana biyu muka ɓata muna neman mai gyaran nan daga Mokola zuwa wata kasuwar wayoyi, muka tarar da wani bawan Allah da bai san bambancin rijiya da randa ba. Ƙafafuna suka kumbura a banza. Ita ma Baba tambaya ɗaya ya yi mata mai ma'ana: a takardar da ta buga, yaya aka kira rijiyoyin? Ta ce da sunayen masu gida.

"Baba, kwana huɗu sun tafi," na ce masa a cikin keke napep. "Kai kuma sai tambayar suna kake yi."

"Kai ni wurin masu mujallar," in ji shi.

* * *

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani bene. Editar wata dattijuwar Bayarabiya ce mai furfura da tabarau, ta karɓe mu da mutunci, har ta sa aka kawo wa Baba kujera mai taushi. Ni na yi musu tafinta, da yake Yarabanci a bakina kamar ruwa ne.

Ta ce in aiki ya zo, abu na farko sai a cire sunan mai shi da duk wani suna da zai nuna shi. A na Saudat ma an cire sunayen gidaje, aka bar lambobi da taswira mai ɗigo-ɗigo. Daga nan sai ta zaɓi masana biyu da suka san fannin ta aika musu. Su karanta, su binciki lissafin, su rubuto mata ko a buga, ko a gyara, ko a mayar. Ba a biyansu ko sisi. Sharaɗi ɗaya ne a kansu, kada su nuna wa kowa, kada kuma su amfana da abin da suka gani.

"Tambaye ta," in ji Baba, "mai aikin ya san alƙalansa?"

Ta ce a'a. Da za a sani, ƙaramin malami ba zai iya gaya wa babba ya yi kuskure ba.

"To wa ke gadin su alƙalan?"

Da na fassara, sai ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce amana ce kawai. Shekara goma sha tara tana wannan aiki a kan amana, ba ta da ɗan sanda. A aikin Saudat, alƙali na farko ya maido da nasa cikin wata ɗaya ya ce a buga. Na biyu ne ya riƙe wata tara, ta yi ta tuni, daga ƙarshe ya ce a mayar, kuma da yake ya fi na farkon girma a fannin sai ta bi maganarsa.

Na ce ta faɗa mana sunansa. Na roƙe ta da Yarabanci, na durƙusa har ƙasa. Ta kama hannuna ta tashe ni, idonta ya kawo ruwa, amma ta ce ba za ta iya ba. In ta buɗe suna ɗaya saboda zargi, gobe ba wanda zai sake duba mata aiki. Sai dai in mun kawo suna da kanmu, da shaida a rubuce, sannan ta kai wa kwamitinsu. Na fito ina tsine wa boko da wanda ya kawo shi.

* * *

Washegari da hantsi Baba ya zo shagona da tsakuwa cike da aljihu. Ya sa Saudat ta buɗe aikinta da na Dakta Abdulsalam gefe da gefe. Ya fara tambayar yadda Daktan ya kira rijiyoyin. Ta ce lambobi ne kawai da taswira.

"To ba ta hannun Nura ta fita ba, ba kuma ta hannun Rukayya ba. Nasu da suna. Wannan bayan an aske ta aka ɗauke ta. Karanto mini su ɗaya-ɗaya."

Tana karantawa yana jera tsakuwa a kan teburin yanka, layi biyu. Layinta ashirin da huɗu. Layin Daktan ashirin da uku.

"Na lura da haka, Baba," in ji Saudat. "Ta bakwai ya cire, don ya ɓad da sawu."

"Yaya ruwanta yake, ita ta bakwan?"

"Ita ta fi kowacce dalma. Ta ninka sauran sau biyar."

Baba ya ɗauki tsakuwar yana juya ta. "Na shekara talatin ina bin ɓarayin shanu. Ban taɓa ganin wanda ya kore garke ya bar wadda ta fi ƙiba ba, sai in ya san tana da ciwo. Shi alƙali na biyun, ya rubuto dalilinsa? Karanta mini duka, kada ki tsallake komai."

Ta ce sau ɗaya ta karanta wasiƙar, tana kuka, ba ta sake buɗe ta ba. Ta nemo ta a waya ta riƙa juya masa da Hausa. Magana goma sha huɗu mutumin ya jera, yawanci ƙorafi ne a kan lissafi. A ta goma sha ɗaya muryarta ta sauya. Ya rubuta cewa a cire rijiya ta bakwai, domin dalmarta ba daga kwata take ba, akwai tsohon ramin tokar maƙera a jikinta ta gabas.

"Ke kika rubuta maganar ramin a aikinki?"

"A'a. Ban ma san da shi ba. Ɗaki ne a gabas da rijiyar, da siminti da komai."

"To wannan alƙalin ɗigo ya gani a takarda, ba suna, ya gane gidan, ya kuma san abin da ke ƙarƙashin ɗaki. Abin da ya sani ne kuma ya bi takardar har hannun Daktan." Ya mayar da tsakuwar aljihu. "Wannan ba baƙo ba ne, 'yata. Wane gida ne?"

* * *

Gidan haya ne na Alhaji Labaran, ɗaki goma sha ɗaya. Baba ya tsaya a zaure ni na shiga. Duk wadda na tambaya maganar rami sai ta ce ba ta taɓa ji ba, har aka nuna mini ɗakin Inna Azumi, wadda ta fi shekara sittin a gidan. Na same ta tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, na ja hira ta nan ta can, sannan na kawo maganar.

"Oho, ramin Sadiƙu maƙeri," in ji ta. "Wa ya tuna miki da shi? Tsofaffin baturan mota yake fasawa ya narka dalmar, tokar kuma a zuba a nan. Hayaƙin har maƙogwaro. 'Ya'yansa biyu a gidan nan suka mutu suna ƙanana, ta ukun ta yi aure a Kumasi, ita ma ta rasu."

"Ba wanda ya rage, Inna?"

"Saura ɗaya mana. Shi ya cike ramin da hannunsa bayan rasuwar uban, ya ɗora ɗaki, sannan suka tashi. Lokacin ko Labaran bai sayi gidan ba. Mu'inu. Wannan da kuke ce wa Farfesa."

Ban san yadda na fito ba. Na tarar da Baba a zaure na faɗa masa. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi murna ba. Ya ce in je in gaya wa ƙanwata tun kafin Juma'a, kada ta ji a gaban mutane. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ba shi ba ne, Yaya," ta maimaita ya fi sau biyar, sannan ta tashi ta shiga wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

* * *

Bayan la'asar ranar Juma'a aka taru a zauren Alhaji Labaran. Dattawa huɗu, Nura a rakuɓe, Rukayya da mu biyu a bakin ƙofar cikin gida. Farfesa na kan kujera kusa da mai unguwa, cikin farar shadda, an gayyato shi ya ba da shawara.

Baba Babandi bai yi doguwar magana ba. Ya wanke Nura, ya wanke Rukayya, ya faɗi dalili. Ya jera tsakuwarsa a kan tabarma, ya nuna gurbin da babu. Ya sa Saudat ta karanta magana ta goma sha ɗaya da ƙarfi. Sannan ya juya ga Farfesa.

"Allah ya gafarta Malam, a duk Sabo mutum biyu suka san ramin nan. Ɗaya tsohuwa ce da ba ta karatu."

Na zaci zai musa, na ma shirya abin da zan faɗa masa. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ni ne," in ji shi. "Ina buɗe taswirar na gane Sabo, na gane aikin Saudat ne. Kamata ya yi in mayar wa edita in ce na san mai shi. Sai na ce bari in taimaka mata. Na yi 'yan rubuce-rubucena a gefe, ciwon sukari ya kwantar da ni, na tura wa Abdulsalam ya duba mini lissafin. Tsohon ɗalibina ne. Da yawa muna yin haka, ko da yake an hana. Sai da ya aika da shi wata mujalla da sunansa sannan na sani. In duka biyun suka fito, za a tambayi ta inda ya samu. Shi ya sa na ce a mayar da nata. Na ɗauka za ta gyara ta kai wani wuri a wuce wurin. Ban zaci zai kai ta ƙara ba."

"Ka zaci me?" Ban san lokacin da na miƙe ba. "Wata tara! Tana gaishe ka kana amsawa!"

"Haulatu, zauna," in ji Alhaji Labaran. Ya sallami Nura da Rukayya, ya ja musu kunne cewa abin da suka ji ya tsaya a nan. Dattawan suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Tun kafin su ɗago na san abin da za su ce, domin ba wanda ya dubi inda muke.

"Saudat, 'yata, an zalunce ki, kowa ya gani," in ji mai unguwa. "Amma ki duba. In muka sa hannu, za a tambayi yadda aikin ya je hannun wancan, a buɗe suna, a tuɓe Farfesa. Shi kaɗai gare mu. Ranar Litinin shi zai shiga ma'aikatar gwamnati ya roƙa kada a rufe mana rijiyoyi. In ya faɗi, wa zai shiga? Ni da ban iya Turanci ba? Gobe a rediyo a ce ga malamin Hausawa, ɓarawo ne. Ke yarinya ce, Allah zai ba ki wani."

Saudat ba ta dube shi ba. Ta matsa gaban Farfesa ta durƙusa, kamar yadda take gaishe shi tun tana ƙarama.

"Baba, ba sai an tara mutane ba. Layi ɗaya za ka rubuta wa edita, ka ce kai ka tura masa. Saura kwana uku."

Ya juya hular da ke gwiwarsa. "Zan nema miki aiki," in ji shi. "Zan yi magana a bar ki ki janye da kanki, ba sai an kore ki ba."

"Layi ɗaya, Baba."

"Ba zan iya ba, Saudatu."

Baba Babandi ya tattara tsakuwarsa ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya miƙa masa goro, ya ƙi karɓa. "Ni aikina in kai mai shanu inda shanunsa suke," in ji shi. "Na kai. A can arewa daga nan sai a kora su gida. Nan ban san yadda kuke yi ba." Ya dogara sandarsa ya fita.

* * *

Ba mu zauna ba. Da safe na koma wurin Inna Azumi da takarda da tawadar dangwale. Ta ce ita tsufa ya ci ƙarfinta, ba ta tuna wani rami, in kuma rufa mata asiri, ba ta da inda za ta in aka tashe ta. Na bi gidajen nan ashirin da huɗu a rana ɗaya, ban samu hannu ko ɗaya ba. Nura ya kashe waya. Saudat ta rubuta wa edita da sunan Farfesa, matar ta amsa a ranar cewa ta miƙa wa kwamitinsu, za su zauna nan da wata uku.

Na makaranta bai jira wata uku ba. Ta ƙi janyewa, ta shiga da kwalabenta da littattafanta, ni ina zaune a baranda. Minti arba'in aka yi. Dakta ne da littafinsa da aikin da aka riga aka buga, ita kuma ɗaliba ce da aka mayar wa nata, ba shaida ko ɗaya. Aka kore ta. Daga baya kwamitin mujallar ya rubuta wa Farfesa sau biyu bai amsa ba, suka cire shi daga cikin masu duba musu aiki a asirce, suka rufe maganar. Rijiyoyin ba a rufe su ba, aka yi ta yi wa Farfesa addu'a a masallaci.

* * *

Saudat ta dawo shagona tana sa maɓalli da kalmasa. Ba ta iya ba, amma ban taɓa faɗa mata ba. Wata bakwai bayan haka, da rana tsaka, wayarta ta yi ƙara, ta duba ta yi wata irin dariya da ban so ba.

Wata mujalla ce ta ƙasar waje da ta taɓa yin rajista da su tun tana ɗaliba. Suna neman masanin ruwan rijiya ya duba musu wani aiki a asirce, sai sunanta ya faɗo musu. An cire sunan mai aikin, amma ga taswirar Sabo, ga rijiya ashirin da uku. Abdulsalam ne ya sake juya lissafinta ya fitar da kashi na biyu, har da shawarar waɗanda ya kamata a daina sha.

"Alhamdu lillahi!" na ce. "Allah ya kawo shi hannunki. Riƙe shi wata tara, sannan ki ce bai yi ba."

Ta rubuta musu ta ce ta san aikin, ta san mai shi, akwai rigima a tsakaninsu, kuma ita ba dakta ba ce. Suka amsa cewa rigimar an riga an yanke ta a makaranta, ba hurumminsu ba ce, amma sun nemi mutum shida ba wanda ya karɓa, in za ta iya adalci ta taimaka. Kwana uku ta yi a kan bencin nan da jan biro, ɗinkin mutane na jira. Na yi faɗa har na gaji.

"Yaya, ya juya ta goma sha biyu da ta goma sha tara," in ji ta. "Bai taɓa ganinsu ba, bai san wacce ce wacce ba. In ya fita a haka, mai kyau za a ce a bari, a ci gaba da shan mai gubar. Ta goma sha tara, mai gubar, a gidan su Rukayya take. Yaranta uku."

Ta gyara masa wannan, ta gyara wasu guda takwas, ta rubuta cewa a buga in ya gyara.

Bayan sallar layya aikin ya fito. Ta buɗe a waya ta gangara can ƙasa, ta karanta mini da Hausa. Marubucin yana miƙa godiya ta musamman ga mai dubawa na biyu, wanda ba a san ko wane ne ba, saboda zurfin saninsa da rijiyoyin Sabo.

Na kashe keken ɗinki na ce ta sake karantawa, ko akwai inda aka ambace ta da ban ji ba.

"Babu, Yaya," in ji ta. Ta kifa wayar, ta jawo rigar da ke gabanta, ta tambaye ni maɓalli nawa mai ita ta ce a sa.